Citta Da Iyakarta: Darasi Daga Anka, Gummi Da Bukkuyum

Duk wanda ya saba zuwa gaishe da marasa lafiya a garuruwanmu na yammacin Jihar Zamfara ya san abin da zai fara gani a bakin shimfiɗar majinyaci. Filas ne cike da ruwan citta, an haɗa da kanumfari da tafarnuwa da lemun tsami, wani lokaci har da masoro da kimba. Idan ka tambaya ko an kai shi asibiti, amsar kusan iri ɗaya ce tun daga Anka har Gummi: "Tukuna dai, muna ba shi citta mu gani." Wannan kalma ta "mu gani" ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami a wannan mako, gama mun ga abin da take jawowa.

A daminar shekarar 2025 mun je gaisuwa wani gida a ƙasar Gummi, inda wani yaro ɗan shekara huɗu ya kwana biyu yana amai da gudawa. Mahaifiyarsa ba ta yi sakaci ba ko kaɗan. Kwana biyun nan ba ta runtsa ba, tana dafa citta mai kauri tana ɗura masa, domin ta ji wani a wayar maƙwabciyarta yana cewa citta tana tsayar da amai, tana kuma kashe ƙwayoyin cutar ciki. Sa'ad da muka iso, idanun yaron sun faɗa, leɓɓansa sun bushe, yana kuka ba hawaye. Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ke tare da mu ta ce, "'Yata, ajiye cittar nan. Kawo mini ruwa mai tsabta da gishiri da sukari, a nemo mai babur yanzu-yanzu." An yi wa yaron ƙarin ruwa a asibiti, ya tashi. Ma'aikacin da ya karɓe shi ya ce da an ƙara kwana ɗaya, da labarin ya sha bamban.

Ba mu zo domin mu kushe citta ba, 'yan'uwa. Mu ma muna shanta, muna kuma jin daɗinta. Maganarmu ita ce citta tana da ma'auni, tana kuma da iyaka. Wanda ya wuce ma'auninta zai iya cutar da kansa. Wanda kuma ya ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta zai ɓata lokacin da ya kamata a ceci ransa a ciki. A ƙasa irin tamu, inda hanyar asibiti take da nisa da haɗari, wannan na biyun ya fi muni.

Citta Ba Baƙuwa Ba Ce A Gidajenmu

Tun kaka da kakanni citta mai yatsu tana cikin tukunyarmu. Da ita ake yin kunun zaki da kunun tsamiya da fura da zoɓo, tana cikin yajin tsire da na kilishi da na mai jego, mai shayi kuma ba ya rabuwa da ita. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi noma ta a duniya, kuma mafi yawanta daga kudancin Jihar Kaduna take fitowa, wato wajen Kaciya da Kagarko da Kwoi da Kafanchan. A shekarar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a can, ta ruɓar da amfanin manoma masu ɗimbin yawa, har farashi ya ninka sau da yawa a kasuwanni. Duk da tsadar, mutane ba su daina saye ba, domin a wurin da yawa daga cikinmu citta ta tashi daga kayan yaji ta koma kantin magani.

Gaskiya ne tana da amfani, masana ma sun shaida. A shekarar 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga littafi a kan tsire-tsiren da ake magani da su, ta sa citta a ciki. Abin da bincike ya fi tabbatarwa shi ne tana rage tashin zuciya da amai, kamar na matafiyi a mota ko jirgin ruwa, da na mai laulayi, da na wanda aka yi wa tiyata. Ana kuma amfani da ita domin kumburin ciki da rashin narkewar abinci, tana ɗumama jiki a lokacin mura. To, a nan iyakar take. Ba a taɓa tabbatar da cewa citta tana warkar da zazzaɓin cizon sauro, ko taifod, ko kwalara, ko sanƙarau ba. Haka kuma ba ta raba mutum da hawan jini ko ciwon sukari.

Ma'aunin Da Muke Mantawa Da Shi

Littafin nan na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da ma'auni. Ga babba mai fama da rashin narkewar abinci, giram 2 zuwa 4 na garin citta ne a yini ɗaya. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya na gari yana kusan giram 2, wato ke nan cokali biyu shi ne maƙura a yini. Ga mace mai ciki kuwa, gwaje-gwajen da aka yi a kan laulayi yawancinsu da kimanin giram 1 a yini aka yi su, wato rabin ƙaramin cokali. Littafin bai ba da shawarar a ba yaron da bai kai shekara 6 ba citta a matsayin magani.

Yanzu bari mu lissafa abin da mutum ɗaya yake sha a gidajenmu. Da safe ya sha kunu da citta. Da rana ya barbaɗa yaji a abinci, ya kora da zoɓo mai citta. Da dare ya zauna wurin mai shayi ya ce a sa masa ta ji. Wannan duka abinci ne, kuma ga mai lafiya ba abin damuwa ba ne. Matsala takan fara ne sa'ad da aka ƙara da "magani" a kan wannan: a kirɓa ɗanyar citta cike da tafin hannu, a dafa har ruwan ya yi kauri, a sha kofi uku ko huɗu a yini, sau da yawa ciki ba komai, a yi haka mako biyu ko wata guda. Babu mai aunawa. Wasu ma gani suke yi gwargwadon zafinta a maƙogwaro gwargwadon ƙarfin aikinta.

Jiki kuwa ba ya ɓoye ƙorafinsa. Alamun farko na yawan citta su ne ƙwannafi, zafin baki da maƙogwaro, yawan gyatsa, murɗar ciki da gudawa. Abin takaici shi ne, waɗannan alamun su ne ainihin abubuwan da muke shan citta dominsu. Mutum ya sha ta yi yawa, cikinsa ya ɗauki zafi, sai ya ce ciwon ne ya ƙaru, ya ƙara dafa wata. Wasu kuma da suka ga gudawa sai su yi murna, su ce dattin ciki ne yake fita.

Waɗanda Ya Kamata Su Yi Hattara

Na farko su ne masu shan magungunan da ke tsinka jini, irin su aspirin da warfarin, da duk mai ciwon da jininsa ba ya saurin tsayawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin waɗannan su nemi shawarar likita kafin su mai da citta magani, domin tana iya taɓa yadda jini ke daskarewa. Saboda wannan dalili ne likitoci sukan ce wanda za a yi wa tiyata ya dakatar da irin waɗannan jiƙe-jiƙe kamar mako biyu kafin ranar. A nan muna so manoma da masu aikin ƙarfi su saurara. Da yawa sukan sayi ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen a kemis, su haɗiya ba ƙa'ida. Waɗannan ƙwayoyi su kaɗai suna iya cin bangon ciki har ya yi jini. Idan aka bi su da ruwan citta mai kauri a kan yunwa, an ƙara wa wuta makamashi. Wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, ko ya ga jini a amai, kada ya kwana a gida.

Na biyu su ne masu ciwon sukari da masu hawan jini. Citta mai yawa tana iya ɗan rage sukarin jini, idan kuma ta haɗu da maganin asibiti sukarin zai iya faɗuwa fiye da kima, mutum ya ji jiri da rawar jiki da gumi mai sanyi. Amma babban haɗarin shi ne barin magani. Mun san dattawa da suka ajiye ƙwayoyin hawan jini domin an ce musu citta da tafarnuwa sun wadatar. Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana iya jin garau alhali jininsa ya hau ƙwarai, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye a sani.

Na uku su ne mata masu ciki da masu jego. Ɗan abin da ke cikin abinci ba laifi, rabin ƙaramin cokali domin laulayi ma ba laifi idan ma'aikaciyar awo ta sani. Amma mai cikin da ta taɓa ɓari, ko take ganin jini, ko haihuwarta ta matso, ta nisanci jiƙo mai ƙarfi. Muna da darasi a kan wannan daga Zariya. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin mata bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a kan gadon wuta. Iyayenmu mata da ƙauna suke yin waɗannan abubuwa, amma yawan ya zama illa. Abin da ya faru da kanwa gargaɗi ne a kan kowane abu mai kyau da aka sha ba ma'auni.

Na huɗu su ne masu tsakuwa a madaciya da masu gyambon ciki, sai kuma ƙananan yara. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ne abincinsa da abin shansa. Ɗura masa ruwan citta zai ƙona masa baki da ciki, yana kuma iya shaƙe shi.

Me Ya Sa Muka Jingina Da Citta Haka?

Ba daidai ba ne mu ɗora laifi a kan jahilci kawai. Akwai dalilai, kuma kowa a yankin nan ya san su. Sa'ad da cutar korona ta shigo Nijeriya a watan Fabrairu na shekarar 2020, saƙonni sun cika WhatsApp da Facebook cewa citta da tafarnuwa da lemun tsami suna kashe ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu shaidar tafarnuwa tana kare mutum daga cutar, amma al'adar ta riga ta zauna. Ba wannan ne karo na farko ba. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, wani saƙo ya zaga ƙasar nan cikin dare ɗaya cewa a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi. Aƙalla mutum biyu suka mutu, aka kwantar da wasu a asibiti, alhali Ebola ko kusa da garuruwansu ba ta zo ba.

Sa'an nan ga tsada. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin magani da kuɗin mota suka yi tashin gwauron zabo. A watan Agusta na wannan shekarar kamfanin magunguna na GSK ya sanar da rufe harkokinsa na kai tsaye a Nijeriya. Magidancin da ke da naira dubu biyu a aljihu, yana duban kuɗin babur da na kati da na gwaji da na magani, ba abin mamaki ba ne idan ya zaɓi cittar naira ɗari biyu.

Daɗin daɗawa ga rashin tsaro. Shekaru da yawa ke nan 'yan bindiga suna tare hanyoyi a ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi, ƙauyuka sun watse, ƙananan asibitoci da dama sun rasa ma'aikata. Uwar da ɗanta ya fara zazzaɓi da magariba a ƙauye ta san fita da dare sayar da rai ne. Dole ta yi amfani da abin da ke hannunta. Ba mu ga laifinta ba. Abin da muke roƙo shi ne, idan gari ya waye kada cittar da aka sha da dare ta zama dalilin fasa tafiya.

Abin Da Shekarar 2010 Ta Koya Mana

Babu yankin da ya kamata ya fi namu sanin cewa ciwon ciki da amai ba kullum ne ƙaramin abu ba. A farkon shekarar 2010 yara ƙanana suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza a ƙaramar hukumar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙaramar hukumar Bukkuyum. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, ya daina cin abinci, daga nan sai jijjiga, sai mutuwa. Da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magungunansu, ba su yi aiki ba. A watan Maris na wannan shekarar ne labarin ya kai ga ƙungiyar likitocin agaji ta MSF. Da aka gwada jinin yaran sai aka gano gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe.

Sama da yara 400 suka rasu. Binciken da Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta yi tare da hukumomin Nijeriya a ƙauyuka biyu ya nuna cewa a cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, guda 118 sun mutu cikin shekara ɗaya, wato ɗaya cikin kowane huɗu. An buɗe wuraren jinya a Bukkuyum da Anka. Abin da ya ceci sauran yaran abu biyu ne: aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje aka zuba sabuwa, aka kuma ba yaran wani magani na musamman mai kama dalma a cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. Garin Bagega sai a shekarar 2013 aka share shi, bayan dogon jiran kuɗi daga gwamnatin tarayya. MSF ta gwada yara sama da 8,000 kafin ta miƙa aikin ga hukumomin jiha a shekarar 2022.

Ba citta ce ta kashe yaran nan ba, kada a fahimce mu a karkace. Abin lura shi ne alamun farko na gubar dalma, wato murɗar ciki, amai, rashin cin abinci, taurin bayan gida da kasala, su ne alamun da kowace uwa a cikinmu za ta ɗora wa tukunyar citta. Citta kuwa tana iya lafar da tashin zuciya na ɗan lokaci, iyaye su samu kwanciyar hankali, dalma kuma tana can tana cin ƙwaƙwalwar yaro. Ido ba ya ganin dalma a jini, sai gwaji. Kuma ɓarnar da ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Maganar nan ba ta wuce ba, gama a watan Disamba na 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sa wa Zamfara tun 2019, zinariya kuma ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba a shekarar 2025. Duk gidan da ke da mai aikin haƙa, idan yaro ya fara ciwon ciki da amai ba dalili, a nemi gwajin jini.

Kwalara Da Sanƙarau Ba Su Jira

A watan Agusta na 2025 kwalara ta ɓarke a ƙaramar hukumar Bukkuyum. Rahotanni sun ce aƙalla mutum 8 suka mutu, sama da 200 suka kamu a garuruwa 11, ciki har da Nasarawar Burkullu da Gurusu da Adabka. Da yawa a gida aka yi jinyarsu saboda rashin asibiti a kusa da kuma tsoron hanya. Shekara guda kafin nan, a watan Agusta na 2024, ambaliya ta ci dubban gidaje a Gummi, kuma kowa ya san inda ruwa ya haɗa rijiya da shadda, amai da gudawa ba su da nisa.

Kwalara tana kisa ne ta hanyar tsotse ruwa da gishirin jiki, tana iya gamawa da babban mutum cikin sa'o'i kaɗan. Abin da majinyaci yake bukata shi ne a mayar masa da abin da ya fita. Citta ba ta yin wannan aiki, idan ta yi kauri ma ƙara tsinka ciki take yi. Maganin farko yana cikin kowane ɗakin girki: ruwa mai tsabta lita ɗaya, wanda aka tafasa ya huce, da sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ba fasawa, ko yana amai, ana kan hanyar asibiti. Abin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. Ƙunshin gishirin ORS da ake sayarwa a kemis ya fi wannan kyau idan akwai, ga yara kuma a haɗa da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14.

Haka batun yake ga sanƙarau. A annobar 2017 mutum sama da 14,000 aka yi zaton sun kamu a Nijeriya, sama da 1,100 suka mutu, kuma Zamfara ce ta fi kowace jiha jin jiki. Sanƙarau yakan fara kamar mura mai zafi, da ciwon kai da zazzaɓi, a lokacin da kowa ke shan citta saboda ƙurar rani. Citta za ta sa gumi, mutum ya ce zazzaɓi ya sauka. Amma idan wuya ya ƙage, haske yana damun ido, hankali ya fara gushewa, allurar asibiti kaɗai ce mafita, kuma kowace sa'a tana da tsada.

Cittar Kwalba Da Ta Turmi

Akwai wata fuskar kuma. A ranar kasuwa muna ganin masu lasifika a kan mota suna tallar ruwan magani a kwalba ko gora, wai haɗin citta ne mai maganin basir da sanyi da taifod da rashin ƙarfi, duka a kwalba ɗaya. Babu wanda ya san abin da ke ciki sai mai haɗawa. Tarihi ya nuna inda irin wannan kan kai mutane. A shekarar 1930 a Amurka, wani ruwan magani da ake kira cittar Jamaika ya shanye ƙafafun dubun dubatar mutane, saboda masu haɗa shi sun zuba wani sinadarin masana'anta a ciki domin neman riba. Sunan citta ne a jikin kwalbar, guba ce a ciki. A ƙasarmu hukumar NAFDAC ce take rajistar magungunan gargajiya na kwalba. Wanda ba shi da lambarta, a bar shi. Wanda yake da ita ma, a sani cewa lambar ba shaida ba ce cewa yana warkar da duk abin da mai talla ya lissafa.

Cittar gida ma tana son kula. Busasshiyar da ba ta bushe da kyau ba takan yi fumfuna, wasu irin fumfuna kuwa suna fitar da gubar da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Gara a sayi mai yatsu a gani da ido a daka a gida, da a sayi garin da ba a san da me aka cakuɗa shi ba, musamman a lokacin tsada. Har wa yau, a ƙauyukan da ake aikin zinariya, kada a daka citta ko hatsi a turmin da ya taɓa ganin dutse, kada a kai niƙa injin da ake niƙa dutse, kada kuma a shanya a ƙasa ko a zuba a buhun da ya ɗauki dutsen. Binciken da aka yi bayan annobar 2010 ya nuna cewa abinci ma yana ɗaukar dalma a wurin sussuka da daka da shanya a cikin gida.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Gwamnati tana da nata nauyin, kuma ba za mu gaji da faɗa ba. A tsare hanyar Anka zuwa Daki Takwas zuwa Gummi da hanyoyin ƙauyukan Bukkuyum, a mayar da ma'aikata ƙananan asibitoci, a ajiye gishirin ORS da kayan gwajin zazzaɓi a kowace mazaɓa tun kafin damina, a kuma ci gaba da gwajin dalma ga yaran yankunan haƙa. Muddin asibiti ya yi nisa, filas ɗin citta ne zai ci gaba da zama likita.

Amma akwai abin da ke hannunmu tun yau. Mu ne muke zuwa gaishe da marasa lafiya, kuma a bakinmu shawara take yawo, a zumuntar mata da taron matasa da wurin suna da bakin kasuwa. Idan mun je gaisuwa, mu tambaya kwana nawa ke nan da fara ciwon, da kuma ko an yi gwaji. Zazzaɓin da ya kwana ɗaya a jikin yaro ko mai ciki, a je a gwada jini. Yaron da ya kasa shan nono ko ruwa, ko yake amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko numfashinsa yake sauri, ko wuyansa ya ƙage, ba a dafa masa komai, ɗaukarsa ake yi. Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya bari sai likita ya ce, kuma ya faɗa wa likitan gaskiyar duk jiƙon da yake sha. Saƙon da ya zo a waya yana cewa abu ɗaya yana maganin cuta goma, kada mu tura shi gaba.

Tun da kuɗi ne yake hana da yawa tafiya, zai yi kyau kowace ikilisiya da kowace unguwa ta keɓe ɗan asusu na kuɗin babur da katin asibiti, a kuma san masu abin hawa biyu ko uku da za a iya bugawa da asuba. Wannan ya shafi maƙwabtanmu duka, gama kwalara ba ta tambayar inda mutum yake sujada.

Mahaifiyar yaron nan na Gummi har yanzu tana sa citta a kununta, mu ma mun sha a gidanta bayan ya warke. Abin da ya sake shi ne, yanzu akwai ƙunshin gishirin ORS guda biyu a cikin kwanon da take ajiye kayan yaji, da lambar wayar mai babur a rubuce a bangon ɗaki. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ƙara mana lafiya, ya kawo zaman lafiya a ƙasarmu.